Fihirisar Malam Ukasha

Da Bube ya san abin da hannunsa na dama zai aikata a ranar Larabar nan, da ya tura shi cikin aljihu tun daga Talata Mafara, bai fito da shi ba sai bayan la'asar. Amma bai sani ba. Ya sha kununsa, ya tada babur, ya goya ɗiyarsa Hadizatu suka kama hanyar Bakura, yana tafe yana ja mata kunne ta yi hattara da kayan mutane. Ko kusa bai kawo a ransa cewa shi ne abin tsoron ba.

Bube makanikin injin ban ruwa ne. Rumfarsa tana bakin hanyar da ke fita gonakin rani, kuma duk manomin albasa ko shinkafa da injinsa ya ƙi jan ruwa ya san inda zai nufa. Karatunsa bai yi nisa ba. Ya sauke Alƙur'ani, ya taɓa firamare, daga nan hannunsa ya fi sabawa da sifana a kan alƙalami. A wani gidan wannan ba komai ba ne, amma shi ɗan Malam Ukasha ne na Bakura, malamin da har yau tsofaffi ke sassauta murya idan za su ambaci sunansa. Wansa, Malam Jibrin, shi ya gaji zauren karatu da ɗalibai. Babbar yayarsu Hindu, wadda ke aure a Maradun, ta haddace waƙoƙin uban fiye da kowa. Shi kuwa Bube abin da ya iya shi ne sauraren inji. Yana da ƙa'ida guda da ya rayu a kanta: idan inji ya canza murya, ko ya shiga yin abin da ba ka gane ba, kashe shi tukuna, tambaya ta biyo baya. Injuna da yawa sun tsira saboda wannan ƙa'ida, kuma bai taɓa ganin ranar da ta cuce shi ba.

Malam Ukasha ya bar rubutu mai yawa. Akwai waƙoƙin wa'azi, akwai bayanin littattafan da ya karantar, akwai amsoshin tambayoyin da manoma da 'yan kasuwa suka riƙa kawo masa. Tun yana raye ya kafa doka a gidan, cewa ba mai kwafar rubutunsa sai wanda ya karance shi a gabansa ko a gaban magajinsa, aka ba shi izini. Dalilinsa shi ne, wanda bai fahimci magana ba, idan ya kwafe ta zai ɓata ta, ya kuma yaɗa ɓarnar da sunan mai ita. Wani ɗalibi mai izini, Sufyanu, shi ya kwashe shekaru yana buga rubutun cikin wata kwamfutar cinya, wani da boko, wani da Larabci. Bai daɗe da gamawa ba Allah ya karɓi abinsa. A daminar da ta biyo rufin ɗakin littattafai ya yi yoyo ba a lura ba, abin da ruwa ya rage gara ta ƙarasa. Sai ya zamana duk abin da Malam Ukasha ya rubuta a duniya yana cikin tsohuwar kwamfuta guda, wadda batirinta ya mutu tun tuni. Ba ta aiki sai an jona ta da wutar sola, kuma da an zare wayar take ɗaukewa.

Sufyanu, Allah ya jiƙansa, gwanin bugu ne amma ba gwanin raɗa suna ba. Takardun sun fi a ƙirga, sunayensu kuwa sabo, sabo na biyu, na gaske, na gaske gyararre. Idan Malam Jibrin, wanda idonsa ya fara rauni, yana neman wata magana ta mahaifinsa, sai a wuni ana buɗewa ana rufewa.

Bube ne ya kai maganar Hadizatu gaban wansa. Ta karanci kwamfuta a kwalejin fasaha, kuma a Mafara har malaman makaranta ke aiko mata da nasu idan sun rikice. Sunan mahaifiyar su Bube aka sa mata, don haka babu mai kiran sunanta a cikinsu. Bube na ce mata Uwata, Malam Jibrin na ce mata mai sunan Inna. Da Malam ya ce a kawo ta, Bube ya yi murna, sannan nan take tsoro ya kama shi. Shi da bai ƙara wa gidan ko baiti ɗaya ba, idan ta hannun ɗiyarsa gadon ya salwanta, da wane ido zai sake shiga zauren nan?

Ranar farko, bayan an gaisa an tambayi gida da gajiya da rani da mutanen Mafara ɗaya bayan ɗaya, Hadizatu ta durƙusa a gefen tabarma ta ce, "Baffa, kafin in taɓa komi ina son in kwafe rubutun in aje wani wuri. Faifan ajiya da ke cikin kwamfutar ga ya tsufa."

"Kin karance shi gabana?" in ji Malam Jibrin.

"A'a, Baffa."

"To kin san amsa, mai sunan Inna."

Bube ya sunkuyar da kai yana jiran gardama irin ta 'yan boko. Ba ta yi ba. Ta ce to, ta gyara zama, ta kunna intanet ɗin wayarta ta jingina ta a taga inda sabis ya fi kamawa. Ta buɗe wani baƙin fili a fuskar kwamfutar, ta rubuta layi ɗaya gajere.

"Mi ke nan, Uwata?" Bube ya tambaya a hankali.

"Baba, ka san in mutum ya sayi inji sabo ba injin kaɗai zai ɗauko ba. Akwai tiyo, akwai matata, akwai maɗauri. To cikin kwamfutar ga akwai wani mai kula da manhajoji, ana ce mai apt. Kamar mai tsaron sito yake. In na ce ya kawo mani abu, shi zai ɗauko shi da duk 'yan rakiyarsa, ya sa kowane inda ya dace, ya kuma riƙe inda ya sa. Ran da na ce ya cire, ya san ko'ina."

"To mi kika ce ya kawo?"

"Abin da zai karance takardun ga duka, ya tsara kowace kalma da inda take."

Malam Jibrin ya ɗago. "Fihirisa ke nan. Irin wadda ake sawa a ƙarshen manyan littattafai."

"Ita ce, Baffa."

Kwamfutar ta jero wasu sunaye, ta tsaya tana jiran amsa. Bube ya lura ɗiyarsa ba ta yi saurin amsawa ba. Ta bi sunayen da yatsa ɗaya bayan ɗaya, leɓenta na motsi, sannan ta danna. Abin ya yi masa daɗi ƙwarai, domin haka shi ma yake duba baƙin mai kafin ya ja igiyar inji, ko da mai gonar na tsaye a kansa yana azalzala.

Bayan azahar mai fihirisa ya gama karatunsa. Malam Jibrin ya ce a nemo masa inda mahaifinsu ya yi maganar rabon ruwa tsakanin gonaki, maganar da ya shekara yana nema. Hadizatu ta rubuta kalma biyu. Malam bai ma gama gyara rawaninsa ba ta fara karantowa:

Ruwan da ya ratsa gonarka baƙo ne,
Shayar da shuka, ka sallame shi ya wuce,
Na ƙasa da kai shi ma ɗan uwa ne.

Malam Jibrin ya kai gefen rawani ya share ido. Bube kuwa a hanyar komawa Mafara sau biyu yana tsayar da babur don ya gaya wa mutanen da ba su tambaye shi ba abin da ɗiyarsa ta yi.

Daɗin bai daɗe ba. Ɗaliban zauren suka gano hanya mai sauƙi. Maimakon a zauna a ɗauki littafi daga farko, malami na karantawa yana warwarewa, sai mutum ya matsa gun kwamfuta ya rubuta kalma ya tsinci amsa. Ran nan wani ya je masallacin unguwarsu ya faɗi wani sauƙi da Malam Ukasha ya yi a kan alwala, bai san cewa amsar wani maras lafiya aka ba ba, domin bayanin yana shafin da ya gabata, shi kuwa daga tsakiya ya faɗo. Maganar ta dawo kunnen Malam Jibrin. Ya kira Bube ya ce, "Abin ga na da kyau, ban taɓa ganin irinsa ba. Amma yana kai yaro ɗaki ba ta ƙofa ba. Ka kawo mai sunan Inna ta cire shi."

Wannan ce Larabar.

Tun a hanya abu ɗaya ke cin Bube. Shi dai ya ji da kunnensa an ce mai fihirisa ya karance rubutun duka ya riƙe. Ya ɗan waiwayo ya ce, "Uwata, in ya tahi, ba zai tahi da abin da ya haɗiye ba?"

"A'a, Baba. Nasa daban, na Kaka daban."

Ya ce to, amma zuciyarsa ba ta ce to ba.

A zaure Hadizatu ta sake buɗe baƙin filin nan, ta rubuta wa mai tsaron sito ya cire abin da ya kawo. Ya jero abin da zai kwashe, ta bi su da yatsa kamar wancan karon, ta tabbatar babu abin da ba na mai fihirisa ba a ciki, ta danna. Daidai nan aka yi sallama daga cikin gida an kawo wa baƙi fura, ta miƙe ta je bakin ƙofa karɓowa.

Bube na zaune dab da kwamfutar. Rubutu ya fara gudu a fuskarta, layi na korar layi. Fankar cikinta ta ɗauki kuka. Sannan a ƙarƙashin kukan ya ji wani abu da ba wanda ya ji a zauren sai shi, wani ɗan ƙas, ƙas, ƙas, irin na ƙarfen da ke taɓa abin da bai kamata ya taɓa ba. Bai yi shawara ba. Hannun da ya saba ceton injuna ya miƙa da kansa ya fizge wayar wutar daga bango.

Fuskar kwamfutar ta yi baƙi ƙirin.

Hadizatu ta juyo da ƙwaryar fura a hannu. Ta dubi kwamfutar, ta dubi wayar da ke hannun ubanta. Ta ajiye ƙwaryar a hankali don kada ta zube, ta zo ta durƙusa.

"Baba, mi ya faru?"

"Ta canza murya," ya ce. "Wallahi ta canza murya, Uwata."

Ya jira ta yi kuka, ko ta ce ya cuce ta. Sai ta rufe ido kaɗan, ta buɗe, ta ce, "Wace irin murya? Kwatanta mani."

Ya kwatanta da harshe. Ta gyaɗa kai. "Kunnenka bai yi ƙarya ba. Faifan ne, ya fara gajiya. Sai dai ita ba a kashe ta tana tsakiyar aiki, Baba. Inji in ka kashe shi tsayawa yake. Ita kuwa kamar mai ɗauke da kaya ce a bakin ƙofa, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje."

Ta karɓi wayar ta mayar, ta kunna. Kwamfutar ta yi nishi, ta kawo wasu fararen layuka a kan baƙi, ta tsaya nan. Hoton da aka saba gani bai fito ba. Malam Jibrin bai ga abin da ke rubuce ba, amma ya gane ba lafiya ba. Ya ce, "Faɗa mani gaskiya, mai sunan Inna."

"Baffa, ta ce tsarin faifan ya hargitse, sai an gyara za ta buɗe. Ina tsammanin rubutun Kaka na nan, don ba shi ake taɓawa ba lokacin da wuta ta yanke. Amma ba zan rantse ba. Na iya gyaran. Sai dai gyaran rubutu ne a kan faifan da ke ciwo. In ya ƙarasa mutuwa a hannuna, ba sauran komi. Ba zan fara ba sai an kwafe."

"Kin san doka."

"Na sani, Baffa. Shi ya sa ban kwafa a ɓoye ba ran da na zo, ko da yake da na yi ba wanda zai sani. Yanzu ma ba zan yi ba sai ka ce."

Ta kashe kwamfutar ta hanyar da ta dace, ta rufe ta, ta naɗe hannuwanta. Bube ya dube ta kamar bai taɓa ganinta ba. Shi gumi har ya jiƙa masa riga, ita kuwa ko muryarta ba ta tashi ba.

Malam Jibrin ya daɗe yana jan carbi. Can ya ce, "Wanga ba hukuncina ni kaɗai ba ne. A ɗauko Yaya Hindu."

"Ni zan tahi," in ji Bube, kafin kowa ya buɗe baki.

Washegari da hantsi, lokacin da hanya ta cika da mutane, ya isa Maradun. Ya tarar da Hindu, wadda yaran dangi duka ke kira Gwaggo, tana tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Sai da suka gaisa gaisuwa mai tsawo, ta tambayi matarsa da yara da kasuwa, sannan ya iya faɗin abin da ya kawo shi. Ta saurara har ƙarshe, ta watsa ɓawon da ke hannunta.

"Bube, Bube. Tun kana rarrafe ba ka iya ganin abu na motsi ba ka kai hannu ba. Kai munka hana taɓa rediyon Baba, ka buɗe ta don ka ga mai magana."

"Yaya, wanga ya fi rediyo."

"Na sani. Tashi ka daina wanga zama kamar an yi maka mutuwa. Yarinyar ta yi kuka?"

"Ko kaɗan."

"To kai mi ya kai ka? Miƙo mani mayafina."

Suka biya Mafara suka ɗauki Hadizatu a mota, tana riƙe da jakarta da wani ɗan akwatin ajiyar rubutun kwamfuta, baƙi, wanda bai fi tafin hannu ba. A Bakura, bayan gaisuwa, Gwaggo Hindu ba ta yi kwana-kwana ba.

"Malam, doka ta ce mi? Wanda ba ya da izini kada ya kwafa. Ni ina da shi, daga bakin mai rubutun, kana zaune anka ba ni. Yarinyar ga ta nuna mani inda zan danna, in danna."

"Yaya, injin ne zai kwafa, ba ke ba."

"Da Sufyanu ya buga, injin ne ya buga ko shi? Ka taɓa jin an nemi izini wurin alƙalami?"

Malam Jibrin ya yi murmushi duk da damuwar da ke fuskarsa. "Baba tsoron ɓata magana yake. Wa zai tabbatar mani ba a canza ko wasali ba?"

Suka dubi Hadizatu. Ta ce, "Baffa, in an gama zan sa ta gwada na farko da na biyu, harafi da harafi. In akwai inda ta kasa karantawa, za ta faɗa, ni ma zan faɗa maka."

Malam ya gyaɗa kai ya ce, "Bismillah."

Hadizatu ta soka wani ɗan filashi ta tada kwamfutar ta wata hanya da ba ta rubuta komai a kan faifan, ta jona akwatin ajiyar, ta shirya komai. Sannan ta juyo gun ubanta, wanda ya koma can bakin ƙofa ya zauna a kan hannuwansa.

"Baba, matso. Kan wayar ga na rawa a bango, in ya motsa mun koma baya. Kai za ka riƙe shi. Kuma ka saurara mani, in ƙaran nan ya ƙaru ka gaya mani."

"Ni?" ya ce. "Uwata, ni fa na..."

"Ba wanda ya kai ka kunne a nan."

Ya matso ya dafe wayar da hannun nan na dama. Gwaggo Hindu ta yi bisimilla ta miƙa yatsa mai lalle ta danna inda aka nuna mata, da ƙarfi kamar mai kashe kunama.

"A hankali, Gwaggo, ba turmi ba ne."

"Ke, ni na san ko kurma ce?"

Aikin ya ɗauki lokaci. Aka yi azahar bi da bi, Hadizatu ta karɓi riƙon wayar sa'ad da Bube ya je salla, ya dawo ya karɓa. Kafaɗarsa ta ƙage bai saki ba. Sau ɗaya ƙas ƙas ɗin ya dawo, ya ce, "Ga shi nan," ta leƙo ta ce kwamfutar ta yi tuntuɓe a wani ɗan wuri, ta sake gwadawa, ta kasa, ta tsallake. Ba ta ɓoye ba, ta faɗa wa Malam a take. Da aka gama ta gwada biyun, suka yi daidai in ban da wannan ɗan wurin.

Sai a lokacin ta fara gyara. Kwamfutar ta riƙa tambaya, tana karantawa tana amsawa. Daga ƙarshe fuskar da aka saba gani ta fito, Gwaggo ta rangaɗa guɗa har Malam ya ce, "Yaya, zaure ne." Mai tsaron sito kuwa, da aka koma gare shi, ya ƙi karɓar wani sabon aiki, ya ce an katse shi a tsakiya, sai ya ƙarasa na baya. Hadizatu ta ba shi dama, ya ƙarasa abinsa tsaf. Bube ya ji girman wannan abu ya kama shi. Ashe har ya san inda aka tsayar da shi.

"To rubutun na nan duka?" Malam ya tambaya.

"Takardun na nan yadda na san su, Baffa. Amma gyaran ya tsinto wasu gutsattsari marasa suna ya tara wuri ɗaya. Mafi yawansu na mai fihirisa ne. Akwai kaɗan da ba su karantuwa. Ban san ko na Kaka ba ne. In ka yarda in sake kawo mai fihirisa na yini ɗaya, ku faɗi abin da kunka haddace, mu ga ko zai samo."

Malam ya yarda. Layi ɗaya ta rubuta, ta duba, ta danna, mai fihirisa ya dawo da 'yan rakiyarsa kamar bai taɓa tafiya ba. Gwaggo ta kwana a Bakura, da safe Bube ya goyo Hadizatu a babur daga Mafara, aka zauna. Malam Jibrin ya faɗi mas'ala, a samo. Gwaggo ta rera baiti da muryar da ta tsufa amma ba ta karkace ba, kafin ta kai ƙarshe Hadizatu ta karɓe daga fuskar kwamfuta. Waƙar mutuwa, waƙar haƙƙin maƙwabci, bayanin zakkar hatsi, amsar da aka ba wani mahauci. Har gardama ta tashi a kan wata kalma, aka duba, Gwaggo ce da gaskiya, ta ce a rubuta a aje don 'yan baya. Bube ma, da aka matsa masa, ya kawo baitin ruwan da ya ratsa gona, wanda shi ne kaɗai baitin da ya riƙe. Aka same shi yana nan. Ba abin da suka tuna da ba a samu ba.

Da rana ta take, Malam Jibrin ya ce, "Alhamdu lillahi. Yanzu a cire shi."

"Har yanzu, Malam?" in ji Gwaggo.

"Har yanzu. Yara su shiga ta ƙofa. Ran da munka buƙace shi, na ga layi ɗaya ne." Ya juya wajen Hadizatu. "Ke kuma, mai sunan Inna, ranar Asabar ki zo da safe. Za mu fara daga littafin farko. Gidan ga na buƙatar mai izini da ya san wanga aiki."

Hadizatu ta sunkuyar da kai ta ce, "To, Baffa." Bube ya juya fuska wajen bango yana gyaran hular da ba abin da ya same ta.

Ta rubuta umarnin cirewa, ta duba abin da aka jero, sannan ta ja hannunta baya. "Baba, kai za ka danna."

Ya danna. Rubutu ya yi gudu, fanka ta yi kuka, hannunsa ya yi ƙaiƙayi, ya tura shi ƙarƙashin cinya ya danne. Da kukan ya lafa ta sa mai tsaron sito ya kwashe 'yan rakiyar da ba su da sauran aiki. Sannan ta nuna masa wani wuri ta ce, "Ka ga wanga? Ita ce fihirisar da ya tsara. Mai tsaron sito ba ya taɓa ta, don ba shi ya kawo ta ba. Ni zan share ta da hannuna." Ta share. Ta buɗe takardar farko da ta zo hannunta, ga rubutun Malam Ukasha yana nan yadda yake.

Aka yi shawara akwatin ajiyar ya tafi Maradun ya zauna gun Gwaggo, tunda yatsanta ne ya kwafa, kuma a nemo sabon faifai kafin tsohon ya ƙarasa. Gwaggo ta ƙulle akwatin a bakin zane ta ce duk wanda ya ga Bube ya nufo ɗakinta a riƙe masa hannu.

A hanyar Mafara, bayan sun wuce gonakin albasa, Bube ya rage gudu ya ce, "Uwata, gutsattsarin nan da ba su karantuwa fa?"

"Na aje su, Baba. Ban share ba."

"Na Baba ne?"

"Ban sani ba."

Abin da Malam Jibrin da Gwaggo Hindu suka haddace an nema an samu. Amma Malam Ukasha ya rubuta abin da ya fi haddar 'ya'yansa yawa, kuma Sufyanu da ya buga shi duka ba ya duniya. Ko akwai wani shafi da ya tafi a ranar Larabar nan, wanda ba mai tuna shi balle ya neme shi, har yau babu wanda ya sani.